A Tambayi Jinkirin Hoto Kafin A Sayo Wa Makarantunmu Tabarau Na Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan rahoton da kuka buga kwanakin baya game da shirin shigo da tabarau na duniyar kwaikwayo cikin makarantu, wato irin tabarau ɗin nan da mutum zai ɗaura a fuska ya tsinci kansa a tsakiyar wani wuri da kwamfuta ta zana, in ya waiga dama ya ga abin da ke dama, in ya ɗaga kai ya ga sama. Wakilinku ya yi ƙoƙari, ya yaba kyawun hoto, ya kuma ja hankali a kan tsadar data da rashin wutar lantarki, amma akwai abu guda da bai taɓo ba, alhali a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin, wato ɗan lokacin da ke wucewa tsakanin motsin kan mutum da sauyawar hoton da ke gaban idonsa. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a karkarar Taura, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a ajina, ina tsaye.

A zangon karatun da ya gabata, ana tsakiyar zafin bazara, wasu baƙi daga wata ƙungiya suka kawo mana irin wannan tabarau, na roba, wanda ake zura wayar hannu a gabansa, domin su nuna wa ɗalibai cikin jikin ɗan Adam da yadda duniyoyi ke kewaya rana. Da niyyar alheri suka zo, kuma yara sun yi murna ƙwarai, har 'yan wasu azuzuwan suna leƙe ta taga. Sai dai ba a jima ba wasu suka fara cire tabarau ɗin suna dafe kai, wani yaro ya ce ƙasa na juya masa, wata yarinya kuma, wadda tana cikin masu ƙwazon ajin, ta fita da sauri ta yi amai a bayan aji. Jagoran baƙin ya yi dariya ya ce ai yaran ƙauye ne, ba su saba ba. Kafin la'asar labari ya zaga gari da wata fassarar daban, aka ce abin yana tayar da iska, washegari kuma mahaifin yarinyar ya same ni a ƙofar makaranta ya ce, “Malam, karatu na kawo ta, ban kawo ta a ɗaura mata abin da zai juya mata kai ba.” Ban ga laifinsa ba. Amma da na ɗaura tabarau ɗin da kaina na juya kai da ɗan sauri, na ga abin da ya faru ƙarara. Hoton yana biyo kaina ne a baya, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa tana tirjiya, sai na tsaya sannan shi ma ya iso ya tsaya.

Ba za a gane dalilin da ya sa wannan ɗan latti ke tayar da zuciya ba sai an fara duba halittar da Allah ya yi mana. A can cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda aikinsu jin juyawar kai ne. Da zarar kai ya juya, saƙo zai tashi daga gare su zuwa naman da ke sarrafa ƙwayar ido, ido ya juya ta ɗaya gefen daidai gwargwadon juyawar kan, duk a cikin kimanin milisakan 10, wato kashi goma cikin dubu na sakan ɗaya. Mai karatu na iya gwadawa yanzu da takarda ko wayar da ke hannunsa: ya riƙe ta cak ya rinƙa girgiza kai, zai ga yana iya karanta rubutun, amma in ya tsayar da kai ya rinƙa girgiza takardar da irin wannan saurin, rubutun zai dushe masa. To, ƙwaƙwalwa ta saba tun daga haihuwa cewa abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani suna zuwa tare. Idan kunne ya ce kai ya juya, ido kuma ya ce duniya ba ta motsa ba tukuna, ko ta motsa a makare, sai shaidu biyu su saɓa, kuma sakamakon wannan saɓani shi ne jiri da gumi da tashin zuciya. Ɗan'uwan abin da ke samun mai karatu a cikin mota ne, ko wanda bai saba shiga kwale-kwale ba ya hau kogin Haɗeja da damina. Kuma ina so jagoran baƙinmu ya sani cewa shahararriyar takardar tambayoyi da masu bincike ke auna irin wannan jiri da ita, wadda aka wallafa a 1993, an gina ta ne a kan bayanan matuƙan jiragen sojan ruwan Amurka da ke atisaye a cikin na'urorin kwaikwayon tuƙi. Ban san su da ƙauyanci ba.

Adadin da masu wannan sana'a suka fi ambata shi ne milisakan 20. Idan lokacin da ke tsakanin motsin kai da fitowar hasken sabon hoto bai wuce haka ba, yawancin mutane ba sa jin cewa duniyar na jan ƙafa. Mu da muke cewa abu ya faru kafin ƙiftawar ido ya kamata mu san cewa ƙiftawa ɗaya tana cin milisakan ɗari ko fiye, saboda haka aikin da ake nema daga na'urar sai ta gama shi sau biyar kafin ido ya ƙifta sau ɗaya. Yadda nake kwatanta wa ɗalibaina shi ne da daka. Wanda ya hango mata suna daka daga nisan mita ɗari zai ga taɓarya ta sauka kafin ya ji ƙararta, domin sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, ƙarar kan makara da kusan sulusin sakan. Milisakan 20 kuwa shi ne makarar da ƙarar za ta yi ga wanda ke tsaye mita bakwai kacal daga turmi, tazarar da babu wanda ya taɓa lura da wani jinkiri a cikinta. Ga kuma lissafin ɓarnar da jinkiri ke yi. Idan mutum na juya kai da saurin digiri 60 a sakan, wanda waiwaye ne na yau da kullum, hoton kuma ya makara da milisakan 100, to kowane abu zai goce daga mazauninsa da digiri 6. Faɗin wata a daren sha huɗu kimanin rabin digiri ne, ke nan gocewar ta kai a jera wata goma sha biyu gefe da gefe.

A nan ne kallo ya bambanta da hoton da ke amsa motsin mutum. Duk mun san yadda mai rediyo a ƙofar gidan kallon ƙwallo kan riga na ciki ihun cin ƙwallo, saboda hoton tauraron ɗan Adam na zuwa a makare da wasu sakanni, amma wannan makarar ba ta sa kowa amai, tunda ba na cikin ɗakin ne ke buga ƙwallon ba. Jinkiri na zama cuta ne idan jikinka ne ya ba da umarni kuma jikinka ne ke jiran amsa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1968 wani masanin kwamfuta, Ivan Sutherland, ya haɗa irin wannan tabarau a Jami'ar Harvard ta Amurka, da wani hannun ƙarfe da ke saukowa daga rufin ɗaki yana auna inda kai ya fuskanta, kuma hoton da yake nunawa zanen layuka ne kawai, ba launi ba ado. A shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill suka duƙufa a kan gano abin da ke sa hoton kwamfuta ya ƙi zama daram a inda aka ajiye shi, suka samu cewa jinkiri ya fi sauran kurakurai ɓarna idan kai na motsi. Yunƙurin sayar wa jama'a irin wannan kaya a wancan zamani bai yi nisa ba, kuma sai bayan da kamfanin Oculus ya tara kuɗin fara aiki daga jama'a a 2012, Facebook kuma ya saye shi a 2014 a kan kimanin dala biliyan biyu, sannan harkar ta sake tashi.

Ina lokacin yake zurarewa? Ba a wuri ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya sa maganinsa ke da wuya. Sai na'urar jin motsi ta ji cewa kai ya juya ta aika saƙo, sai manhaja ta lissafa inda ido ke kallo yanzu, sai sashen zana hoto ya zana duniyar sau biyu, ɗaya domin kowane ido, sannan hoton ya jira lokacin fitarsa, sannan allon ya rubuta shi. Jiran nan shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Allon waya ko na kwamfuta na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 a sakan, wato kowane milisakan 16.7, kuma domin kada mai kallo ya ga rabin tsohon hoto haɗe da rabin sabo, sai aka yi dabarar allo biyu. A ɗauka malami na da allo biyu, yana rubutu a kan ɗaya a ɓoye yayin da ɗalibai ke kwafar ɗayan, kuma doka ta hana shi musanya su sai an kaɗa ƙararrawa. Idan ya gama rubutu da wuri, dole ya zauna jiran ƙararrawa, rubutun na tsufa a hannunsa; idan kuma ƙararrawa ta riga shi ko da da kalma ɗaya ce, ɗalibai za su ci gaba da kallon tsohon allo har wata ƙararrawar. Haka hoto ɗaya da ya makara da ƙiris kan jawo asarar milisakan 16.7 cif. Wasu tsare-tsaren ma sukan jera hotuna biyu ko uku a layi domin motsi ya fito sumul, kuma kowane hoto da ke kan layi ƙarin tsufa ne. Bayan duk wannan, allon kan rubuta hoton ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, ɗigogin hasken wasu allunan kuma sai sun ɗauki nasu lokacin kafin su sauya launi. John Carmack, wani gwanin manhajar wasannin kwamfuta da daga baya ya zama shugaban sashen fasaha na Oculus, ya taɓa yin ƙorafi a 2012 cewa aika saƙon intanet daga Amurka zuwa Turai ya fi masa sauri a kan aika ɗigo ɗaya zuwa allon da ke gabansa.

Ko samarin da ke buga wasan ƙwallo na PlayStation a shagunan Gujungu sun san wannan ciwo ba tare da sun san sunansa ba, domin sukan yi kukan cewa sun danna amma ɗan wasa bai buga ba sai da aka ƙwace ƙwallo. Sau da yawa laifin na talabijin ne, wanda ke riƙe hoto yana yi masa kwalliya kafin ya nuna shi, kuma yawancin talabijin na zamani suna da wani zaɓi na yanayin wasa da ke kashe kwalliyar. Ban ga mai shagon da ya kunna shi ba sai an nuna masa.

Daga cikin magungunan da aka samo, mafi sauƙin fahimta shi ne rage tsawon kowane mataki. Tabarau na gwaji na farko da Oculus ya fitar yana jin motsin kai sau dubu a sakan. Manyan tabarau biyu da suka shiga kasuwa a 2016, Oculus Rift da HTC Vive, suna sabunta hoto sau 90 a sakan, wato kowane milisakan 11.1, na kamfanin Valve da ya fito a 2019 kuma yana iya kaiwa sau 144. An kuma gano cewa barin hoto a kunne tsawon zangonsa duka yana sa shi ya shafe a ido idan kai na juyawa, saboda ido na tafiya shi kuma hoton na tsaye, don haka sai aka koma haska kowane hoto na ɗan ƙanƙanen lokaci, kimanin milisakan biyu, allon ya yi duhu har na gaba ya zo. Ido ba ya ganin duhun saboda saurin maimaituwarsa, amma dushewar kan ragu sosai.

Sai dai ko an yi duk wannan, zane na buƙatar lokaci, kuma a nan ne dabarar maharba ta shigo. Maharbin da ya san aikinsa ba ya saita bindiga a inda fakara take idan ta tashi, yana saitawa ne a inda za ta kai lokacin da harsashi zai iso. Haka manhajar tabarau mai kyau take yi. Ta san saurin da kai ke juyawa, ta san milisakan nawa ya rage kafin hoton ya haska, sai ta zana duniyar daidai inda take hasashen kai zai kasance a wancan lokacin. Wuya ba ya iya sauya alƙibla nan take, saboda kai na da nauyi, don haka hasashen ɗan gajeren lokaci kan faɗa daidai. Amma abin da ya kamata masu sayen kaya su gane shi ne hasashe ba ya rufa wa na'ura mai nawa asiri. Kuskurensa na ƙaruwa da sauri gwargwadon nisan lokacin da aka hasaso, ta yadda idan aka ce manhaja ta hango milisakan ɗari gaba, hoton zai rinƙa zarce wuri yana dawowa, yana rawa kamar hasken aci-balbal a iska, wanda shi ma wani jirin ne. Maharbi na iya riga tsuntsu da taku ɗaya, ba ya iya riga shi da tsawon gona.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa ita ce gyaran ƙurarren lokaci, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san tushenta. Tela mai hankali kan bar rarar yadi a cikin ɗinki, domin in mai riga ya zo gwaji ranar jajiberen salla aka ga ta matse, a buɗe kaɗan ba tare da an sake yanka ba. Haka ake yi wa hoto. Bayan an gama zana shi, ana saura ƙiris ya fita, sai a sake tambayar na'urar jin motsi inda kai yake a yanzu, a ɗan karkata hoton da aka riga aka zana ya dace da sabon wurin, aikin da ba ya cin lokaci kamar sabon zane. Idan ma sashen zane ya makara ƙararrawa ta riga shi, sai a ɗauko tsohon hoton a karkata shi, duniya ta ci gaba da bin kai ba tare da ta ƙame ba. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Monash ta Ostireliya, Matthew Regan da Ronald Pose, sun gabatar da tushen wannan tunani tun a 1994, Carmack ya farfaɗo da shi a wani rubutu da ya yi a 2013, aka kuma yi amfani da shi a tabarau na Gear VR da Samsung ya haɗa tare da Oculus. Wannan misali na ƙarshe na da muhimmanci a gare mu, domin shi ma waya ake zurawa a cikinsa, amma an sa masa na'urar jin motsi tasa ta kansa, an kuma gyara manhajar wayar musamman domin ta daina jera hotuna a layi. Ke nan ba kasancewar waya a ciki ne aibu ba, rashin kula da lokaci ne. Dabarar na da iyakarta, kamar yadda rarar tela ke da iyaka: idan juyawar ta yi yawa sai a ga baƙi a gefen hoto, kuma karkatawa kaɗai ba ta iya nuna abin da ke ɓoye a bayan wani abu idan mutum ya leƙa ta gefe.

Akwai kuma masu rage wa sashen zane nauyi ta hanyar bin ƙwayar ido, su zana inda ake kallo da kyau sosai su sassauta gefe-gefe, tunda tsakiyar gani kaɗai ke tantance ƙananan abubuwa; tabarau na PlayStation VR2 da ya fito a 2023 yana yin haka. Kamfanin Apple kuma ya keɓe wani guntun kwamfuta sukutum a cikin tabarau ɗinsa na 2024 domin sarrafa kyamarori da na'urorin jin motsi, yana mai cewa hoto na isa ido cikin milisakan 12. Ba ina tallar kayan da farashinsa ya fara daga dala 3,499 a 2024 ba ne ga makarantar da ba ta da isassun kujeru. Ina nuna inda masu abin suka zuba kuɗinsu ne.

Idan aka auna kayan da aka kawo mana da wannan ma'auni, ba a buƙatar aljani domin a bayyana abin da ya samu ɗalibaina. Wayoyi ne na yau da kullum masu sabunta hoto sau 60, babu gyaran ƙurarren lokaci, babu gajeren haskawa. Ga kuma zafinmu, wanda baƙin ba su sa a lissafi ba. Waya idan ta ɗauki zafi takan rage saurin aikinta da kanta domin kada ta lalace, kuma wayar da aka rufe cikin akwatin roba, a aji mai rufin kwano, a watan da zafi ke haura digiri 40, ba ta jimawa take fara tsallake hotuna. Shi ya sa, a lurata, waɗanda suka ɗaura daga baya suka fi na farko jigata. Adalci ya sa in ƙara da cewa jinkiri ba shi kaɗai ke kawo jiri ba, domin darasin da aka nuna yana shawagi da mai kallo a tsakanin duniyoyi alhali yana zaune a kan benci, wanda shi ma saɓani ne tsakanin ido da kunne, kuma irin wannan tabarau na jin juyawar kai ne kawai, ba ya jin matsawarsa gaba ko gefe. Amma mai shirya darasi na iya gyara na farko da sauya salon darasinsa, shi kuwa jinkiri a cikin kayan yake, ranar saye ake yanke hukuncinsa.

Ranka ya daɗe, wurin da na fi saɓa wa rahotonku shi ne inda aka nuna cewa da zarar intanet mai ƙarfi ya iso karkara, za a iya barin manyan kwamfutoci na nesa su rinƙa zana hoton suna turo wa yara, a huta da sayen kaya masu tsada. A nan an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, yawan abin da hanya ke ɗauka da kuma lokacin da tafiya ke ci. Tirelar da ta ɗauko riɗi daga Maigatari ta fi babur ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma girmanta bai rage ko taku ɗaya daga nisan Legas ba. Haske a cikin wayar gilashi ta intanet yana tafiyar kimanin kilomita 200 a kowane milisakan, kuma faɗaɗa hanyar ba ya ƙara masa sauri. Daga nan zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, tafiyar kusan kilomita dubu ce, wato milisakan 10 zuwa da dawowa, rabin abin da ake da shi ke nan ya tafi tun ba a zana komai ba. Idan kuma kwamfutar tana Turai ne, wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tsawonta kilomita 7,000 ne daga Fotugal zuwa Legas, wato ƙarin milisakan 70, jimilla 80, ninki huɗu na iyakar da ake nema, ba a ma lissafa tsaye-tsayen da saƙo ke yi a hanya ba. Tauraron ɗan Adam irin wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 ya fi haka muni, domin tambaya da amsa ta cikinsa na cin kusan rabin sakan. Na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, yana shawagi ne a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kacal, ya rage wannan nisa ƙwarai, amma bai matso da Turai kusa da Taura ba.

Za a iya ce mini ai an taɓa yin tiyata daga nesa. Gaskiya ne, a watan Satumba na 2001 likitan Faransa Jacques Marescaux yana birnin New York ya cire wa wata mata jakar matsarmama a Strasbourg ta Faransa ta hanyar mutum-mutumi, da jinkirin kimanin milisakan 155 a kan layin da aka keɓe domin aikin. Amma allo yake kallo, kansa ba ya cikin hoton, kuma hannu na iya koyon tafiya a hankali ya jira amsa, abin da kunnen ciki ba ya yi. Saboda haka ko a tsare-tsaren da ake turo hoto daga wata kwamfuta, gyaran ƙarshe na bin juyawar kai a kan tabarau ɗin kansa ake yin sa. Ga makarantun karkara irin tamu, hanyar da hankali zai ɗauka ita ce a sauke darasi gaba ɗaya a cikin na'urar tun kafin a shiga aji, a bar intanet ga aikin ɗauko kaya, kada a ɗora masa aikin bin wuyan yaro.

Roƙona ga wakilinku, idan ya koma wurin masu wannan shiri, ya tambaye su sau nawa allon ke sabunta hoto a sakan, milisakan nawa ne tsakanin motsi da haske, a ina ake zana hoton, kuma ko an gwada kayan na tsawon darasi guda a aji mai rufin kwano cikin watan Afrilu. Wanda ya san kayansa zai amsa ba tare da ya nuna masa kyawun launi ba. Ina kuma ganin cibiyoyinmu na nan gida, irin su cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha da ke Kazaure da Jami'ar Tarayya ta Dutse, za su iya taimakawa da awon irin waɗannan kaya kafin a saya, domin awon farko ba ya buƙatar ɗakin bincike mai tsada. Wayoyi da dama na iya ɗaukar bidiyo mai hotuna 240 a sakan, kowane hoto kimanin milisakan huɗu ke nan. Sai a ɗauki bidiyon na'urar tana ajiye, a juya ta farat ɗaya, sannan a ƙirga hotuna nawa suka wuce tsakanin fara motsinta da fara motsin abin da ke kan allonta. Awo ne na ƙiyasi, amma ya isa ya raba mai sauri da mai nawa, kuma hotuna biyar su ne kusan milisakan 20.

Baƙin namu sun bar wa makaranta tabarau biyu da waya ɗaya, don haka na ari wayar wani abokin aikina muka yi wannan awo a aji, muka ɗora kayan a kan faifai muna juyawa. Yarinyar da ta yi amai ita na ba aikin ƙirga, tana matsar da bidiyon hoto bayan hoto, 'yan ajin na ƙirgawa da ƙarfi tare da ita. Ta wuce biyar, ta ci gaba da matsarwa, hoton bai ko motsa ba tukuna. Ta rubuta adadin a littafinta, ta ninka shi da huɗu, ta kai wa mahaifinta gida. Har yau bai yarda a sake ɗaura mata tabarau ba, ni ma ban roƙe shi ba, sai ranar da aka kawo wanda muka auna da hannunmu ya tsaya a biyar.

Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyya,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.